An ƙi gyara mini AC a tsakiyar zafin Houston: garantin gida yana da amfani kuwa?

Maman Hanifa (Houston): Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu gidaje a ƙasar nan ku ba ni shawara, tun jiya raina a dagule yake. A watan Oktoban bara muka sayi gida a bayan garin Houston, ginin 2009. Wanda ya sayar mana ya biya mana garantin gida na shekara ɗaya, irin wanda ake cewa in AC ko hitar ruwa ko firji ya lalace kamfani ne zai gyara, kai dai ka biya kuɗin zuwan mai gyara. Talatar da ta wuce AC ɗinmu ya daina sanyi. Fankar waje tana juyawa, amma iskar da ke fitowa kamar ta bakin murhu. Na kira su, nan take suka cire dala 100 a katina, mai gyara kuma bai zo ba sai Juma'a. Bai yi minti ashirin ba. Ya kwance murfi, ya ɗauki hotuna, ya ce kwamfiresa, wato injin da ke matsa gas ɗin AC, ce ta ƙone, zai tura rahoto. Jiya Litinin wata ta kira ni ta ce ba za su biya ko sisi ba, wai rashin kula ne ya kashe ta, wai kwayil ɗin waje, wato bututun da ke fitar da zafi, ya toshe da datti. Wata tara fa kacal muka yi a gidan.

Abin da ya fi damuna Hajiyarmu ce. Ta zo daga Kano duba jikoki, shekararta 71, tana da hawan jini. Daren jiya ƙarfe sha ɗaya ma'aunin bango yana nuna digiri 91 na Fahrenheit, na jiƙa mata zani na shimfiɗa mata a kan tayil ɗin falo, nan ta kwana. Mai gyaran ya ce in da kuɗinmu ne, kwamfiresa dala 2,800, sabon AC gaba ɗaya kuwa ya doshi 9,000. Akwai abin da zan iya yi, ko in haƙura?

Zainabu (Katy): Wa alaikumus salam Yaya. Subhanallah. A bar maganar kamfani tukuna, a fara da Hajiya. Muna da ƙaramin AC na taga a gareji ba ma amfani da shi, Baban Amir zai kawo miki bayan la'asar ya ɗaura a ɗakinta. Turo mini adireshi ta bayan fage. Zafin Yulin Houston ba irin na Kano ba ne, nan iskar a jiƙe take, gumi ba ya bushewa, tsoho yakan galabaita bai sani ba.

Maman Hanifa (Houston): Allah ya saka da alheri ƙanwata, Allah ya raya zuri'a. Na turo.

Baban Khalil (Dallas): Allah ya ba Hajiya lafiya. Maman Hanifa, gaskiya ɗaya ce, ki ɗauka dala ɗarin nan ta tafi. Shekara biyar na yi ina biyan irin wannan garantin, dala 620 duk shekara. Sau bakwai na kira su, kowane kira dala 75. Da na zauna da biro da takarda, dala 3,625 na zuba musu. Me na samu? Kafasita ɗaya, injin niƙa sharar sinki ɗaya, da wani bawul na banɗaki. In ka haɗa su duka ba su kai dala 900 ba. Ranar da hitar ruwa ta fara yoyo, babban abin da na daɗe ina biya dominsa, sai aka ce mini laka ce ta taru a gindin tankin, kuma lalacewar da laka ta jawo ba ta cikin yarjejeniya. Daga ranar na yanke. Waɗannan mutanen ƙaramin gyara suke yi maka don ka sabunta, babba kuwa sai an nemo dalili.

Alhaji Sani (Chicago): Baban Khalil, a yi adalci. Ni nawa ya yi mini rana. A watan Janairu injin ɗumama gidana ya tsage daga ciki, mai gyara ya ce kada a sake kunna shi don zai iya sako iskar nan mai kisa da ba ta da wari. Sun canza mini sabo. Na biya dala 100 ta zuwa, da wata 640 ta abubuwan da suka ce ba nasu ba ne, bututun hayaƙi da takardar izinin hukuma da kwashe tsohon. Da aljihuna ne da sai na nemi 4,500. Ba zan ɓoye ba, kwana shida muka yi muna kwana ɗaki ɗaya da hitar lantarki kafin a kawo. Amma an kawo. Abin da ya cece ni fayil ne. Duk kaka ina kiran a duba injin, rasit ɗin kowace shekara yana nan. Da suka tambaya, cikin minti biyar na tura musu hotuna.

Baban Khalil (Dallas): Alhaji, kuɗin duban da kake biya duk shekara ka haɗa a lissafin?

Alhaji Sani (Chicago): Wannan ko da garanti ko babu dole ne ai. Injin gas a gidan da yara ke kwana ba abin wasa ba ne.

Malam Isuhu (Greensboro): Salamu alaikum. Ni gyaran kilim, wato AC, da injin ɗumama gida shi ne sana'ata, shekara goma sha huɗu ke nan tun da na baro Maraɗi. Shekara biyu na yi ina karɓar aikin kamfanonin ga kafin in bari, don haka bari in faɗi abin da na gani da idona.

Mai gyaran da anka turo miki ba ma'aikacinsu ba ne, ɗan kwangila ne. Kuɗin da suke ba shi a kan kowane aiki kaɗan ne ƙwarai, bai kai abin da zai samu ba in ke kinka kira shi da kanki. Kuma suna lura da nawa kowane ɗan kwangila yake jawo musu kashewa. Wanda kullum rahotonsa "a canza sabo" ne, sai ya ga aiki ya fara ja baya. To mutum yana da iyali. Ba sai ya yi ƙarya ba, ya isa ya ɗauki hoton wurin da ƙura ta fi yawa ya rubuta "kwayil da datti". Wanda zai karanta rahoton yana wani ofis a wata jiha, bai taɓa ganin injin ba, kalmar ga kawai yake nema.

Amma kada in zalunce su: gaskiya ne kwayil in ya toshe sosai zafi ba ya fita, kwamfiresa ta yi ta aiki cikin wahala har ta ƙone. Yana faruwa. Sai dai ba a gane shi da ido cikin minti ashirin. Ranki ya daɗe, tambaya biyu. Kin ga ya sa mita a kan wayoyin kwamfiresa ya auna? Ya gwada kafasita? Don fanka tana juyawa kwamfiresa ba ta tashi, sau da yawa kafasita ce, wani ɗan gwangwani da bai wuce dala 30 ba. Sannan ki je jikin injin na waje, akwai farantin rubutu, ki ɗauko mana hoto. Ina son ganin shekara da irin gas ɗin.

Maman Hanifa (Houston): Malam na gode ƙwarai. Na ga ya fito da mita, amma ban san me ya auna ba, ina tsaye daga bakin ƙofa. Ga hoton. An rubuta 2009, an kuma rubuta R-22.

Malam Isuhu (Greensboro): To ga inda gizo ke saƙa. Gas ɗin R-22 an hana yin shi da shigo da shi Amurka tun 1 ga Janairun 2020, wanda ya rage a kasuwa tsohon ajiya ne da wanda anka tace daga tsoffin injuna, shi ya sa tsadarsa ta yi yawa. Injin gida kamar naki yakan ci fam shida zuwa goma. Ki duba yarjejeniyarki, galibi suna sa iyaka a kan kuɗin gas, na sha ganin dala 10 a kowane fam, alhali mu muna sayar da shi fiye da dala 100. Ke nan ko sun yarda sun ba da kwamfiresa kyauta, gas kaɗai zai ci miki kusan dala dubu. Kuma kin sa sabuwar zuciya a jikin tsoho mai shekara goma sha shida. Ni da gidana ne ba zan zuba 2,800 a wanga inji ba. Ki yi faɗan a ba ki kuɗi a hannu ki haɗa ki sa sabo.

Anti Bilki (Maryland): Sannu Maman Hanifa, Allah ya kawo sauƙi. Ni dillancin gidaje nake yi, kusan duk cinikin da na rufe akwai wannan garantin a ciki, don haka bari in gyara wata fahimta da mutanenmu suke yi. Sunan ne yake ruɗar mu. Muna jin "garanti" sai mu ɗauka irin na sabon firji ne daga kamfanin da ya ƙera shi. Ba haka ba ne. A dokar ƙasar nan yarjejeniyar hidima ce da ake saya daban, kuma abin da aka rubuta a cikinta kaɗai take ɗauka. Ba kuma inshorar gida ba ce. Inshora ita ce ta gobara da guguwa da sata, wadda banki yake tilasta maka in da bashi ka sayi gidan. Garanti na tsufan kaya ne. Lokacin sanyin nan na Fabrairun 2021 da bututu suka yi ta fashewa a Texas, mutane da yawa sun kira kamfanin garanti aka ce musu ƙanƙara ba tsufa ba ce, su nemi inshora.

Duk da haka ina ba sabon mai gida shawarar ya karɓa a shekarar farko, musamman in mai sayarwa ne zai biya. Mutum ya kwashe duk ajiyarsa ya ba da kuɗin gaba, bai san halin gidan ba, ko dala 500 ta gaggawa ba shi da ita. A irin wannan halin ko rabin taimako taimako ne.

Baban Khalil (Dallas): Anti, da girmamawa, ai dole ku yabe shi. Mai sayarwa ya biya dala 600 ya wanke hannunsa, in abu ya lalace ba shi za a kira ba, ba kuma dillali za a kira ba. Sannan ana cewa kamfanonin suna ba ku wani abu a kan kowane mutum da kuka kai musu.

Anti Bilki (Maryland): Baban Khalil, rabin maganarka gaskiya ce, garantin yana rage wa mai sayarwa da dillali kiran waya, ban musa ba. Amma ɗaya rabin ya yi mini ciwo. Akwai dokar tarayya ta cinikin gidaje, RESPA, tun 1974, kuma a 2010 ma'aikatar gidaje ta fito ta fayyace cewa biyan dillali don kawai ya tura mutum wajen kamfanin garanti ya saɓa wa dokar. Ban ce babu masu yi ba. Ni dai ban taɓa karɓar ko dala ɗaya ba, kuma 'yan uwa da yawa a zauren nan ta hannuna suka sayi gida, suna ji.

Baban Khalil (Dallas): Ki yafe ni Anti, ban yi nufin ke ba. Haushin hitar ruwan nan ne har yanzu bai sake ni ba.

Anti Bilki (Maryland): Ya wuce. Maman Hanifa, ki nemo rahoton mai duba gida da aka yi muku kafin ku saya. Yana cikin imel ɗinki ko na maigida, shafi talatin ko arba'in ne da hotuna. Ki je sashen AC.

Hadiza (Atlanta): Yaya, ni ba lauya ba ce, amma shekara shida nake aiki a ofishin lauyoyi, irin wannan takardun nake shiryawa. Abu na farko: daga yau ki daina yarda da maganar waya. Wadda ta kira ki jiya, in an tambaye ta gobe za ta iya cewa ba haka ta ce ba. Ki tura imel ki ce su ba ki ƙin biyan a rubuce, da lambar sashen yarjejeniyar da suka dogara da shi, da kwafin rahoton mai gyara da hotunansa. Kada ki zagi kowa, kada ki ba da labarin zafi, layi biyar ya isa. Kuma kada ki bari kowa ya cire kwamfiresar ko ya wanke kwayil ɗin yanzu. Kusan duk yarjejeniyoyin nan sun ce in ka yi gyara ba da izininsu ba ba za su biya ba, sannan injin shi ne shaidarki. Ki ɗauki hotonsa ta kowane gefe yau ɗin nan, kafin a yi ruwa.

Na biyu, ki kira wani mai gyara mai lasisi da ba shi da alaƙa da su, ki biya shi ya duba kawai, ya rubuta miki musabbabin lalacewar a takardar kamfaninsa, da alƙaluman da ya auna.

In sun kafe, a Texas hukumar da ke ba kamfanonin garantin gida lasisi ita ce TDLR, tun Satumban 2021 aka mayar da su ƙarƙashinta daga hukumar dillalan gidaje. Ana shigar da ƙorafi ta intanet kyauta. Akwai kuma ofishin babban lauyan jiha, sashen kare masu saye. Daga nan sai ƙaramar kotu ta unguwa, a Texas tana sauraron ƙara har ta dala 20,000, ba sai da lauya ba. Ki karanta ƙarshen yarjejeniyar da kyau, yawanci akwai sharaɗin cewa rigima sai ta hannun mai sasantawa ba kotu ba, amma da yawa sun bar ƙofar ƙaramar kotu a buɗe. In za ki yi ƙara a ƙarƙashin dokar yaudarar kasuwanci ta Texas, sai kin fara aika musu wasiƙar gargaɗi kwana 60 kafin ki shigar.

Memuna (Bronx): Ni haya nake, ina ta karantawa ina jin tsoron sayen gida ma. Mu nan in hita ta mutu daga Oktoba zuwa ƙarshen Mayu lambar hukumar birni, 311, kawai muke kira, hukuma ta matsa wa mai gida.

Alhaji Sani (Chicago): Hajiya Memuna, in kin saya ke ce mai gidan, ke za a matsa wa. Amma kada wannan ya hana ki, ki dai shiga da ɗan abu a gefe.

Malam Habibu (Columbus): Assalamu alaikum. Akwai gefen da ba a taɓo ba, kuma na ga ya kamata. Ka ba da kuɗi tabbatacce a kan abin da ba ka sani ba ko za ka samu ko ba za ka samu ba, wannan shi malamai ke kira garari. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1985 ta ce inshorar kasuwanci tana ɗauke da garari mai yawa da ke ɓata ciniki, ta kuma nuna tsarin taimakekeniya, wato takaful, a matsayin mafita. Inshorar gida da banki ya tilasta, mutane suna shiga ne bisa lalura. Garantin gida kuwa ba wanda ya tilasta maka.

Maman Hanifa (Houston): Allah gafarta Malam, to ni yanzu neman haƙƙin nan da nake yi akwai laifi?

Malam Habibu (Columbus): Abin da na fahimta, malamai da yawa suna bambanta garantin da ya biyo ciniki da wanda mutum ya je ya saya shi kaɗai. Naki ya zo ne a cikin cinikin gidan, mai sayarwa ya biya, don haka ban ga laifin ki nemi abin da aka yi alkawari ba. Inda za ki tsaya ki yi tunani shi ne Oktoba, lokacin da za su ce ki sabunta da kuɗinki. Akwai kuma masu kallonsa a matsayin hayar mai gyara na shekara, suna sassautawa. Ki zauna da limaminku na nan ki nuna masa takardar kanta, hukunci yana bin abin da aka rubuta ne.

Yaya Nura (Manchester): Mu a Ingila abin ya ɗan bambanta. Sabon gini yakan zo da garantin shekara goma, mafi shahara na ƙungiyar garantin sabbin gidaje NHBC: shekara biyun farko magini ne ke gyara kurakuransa, sauran takwas kuma manyan matsalolin gini ne kawai, kamar harsashi da rufi. Na tukunyar ɗumama gida kuwa daban ake saya, kuma in na inshora ne aka ƙi biyanka, akwai ofishin sasanta rigimar kuɗi da ake kai ƙara kyauta. Amma dalilan ƙin iri ɗaya ne da naku: ba ka yi sabis na shekara ba, ko laka ta taru a bututu.

Baban Khalil (Dallas): Shi ya sa na ce mutum ya zama kamfanin kansa. Tun da na yanke, dala 100 nake turawa wani asusu daban duk wata, ba na taɓawa. Masu harkar gidaje ma suna cewa ka ware kashi ɗaya cikin ɗari na darajar gidanka duk shekara don gyara. In abu ya lalace ni zan zaɓi mai gyara, ya zo a ranar, ba wanda zai tambaye ni rasit. Mu da muka taso da adashi, me zai hana masu gidaje goma a gari ɗaya su yi asusun gyara a tsakaninsu?

Alhaji Sani (Chicago): Shawarar tana da kyau ga wanda ya shekara biyar yana tarawa. Maman Hanifa wata tara ta yi. Ko da ta bi tsarinka tun ranar farko, dala 900 ce a asusun, AC kuma 9,000. Nan ne fa maganarka ba ta kai ba. Asusun haɗaka kuma, a Texas duk AC ɗin a wata ɗaya suke mutuwa, wa za a fara ba?

Baban Khalil (Dallas): Wannan kam gaskiya ne, sai an yi tsari.

Maman Hanifa (Houston): Salam 'yan uwa, yau Juma'a, ga inda aka kwana. Na samo rahoton mai duba gida, Anti Allah ya biya ki. A shafi na 22 ya rubuta AC yana aiki, bambancin iskar da ke shiga da wadda ke fita digiri 17, ya dai ce injin ya tsufa. Akwai hoton na waje, kwayil ɗin fes. Rasit ɗin sabis ba mu da shi, Baban Hanifa ne ya wanke shi da tiyo a watan Afrilu, amma na ciro tarihin sayen filta da nake yi ta intanet, sau huɗu a wata tara. Na kira wani mai gyara, na biya dala 89. Shi ya yi kusan awa ɗaya. Kafasita lafiya lau, kwamfiresar ce da gaske, ya ce wayoyin cikinta sun haɗe da jikin ƙarfen. Ya haska tocila ta cikin kwayil ya nuna mini haske yana ratsawa, ya ce ƙurar da ke jiki ta yau da kullum ce, ya rubuta tsufa ne. Na haɗa duka na tura kamar yadda Hadiza ta ce. Da na karanta rahoton mai gyaran farko, layi biyu ne, babu ko alƙalami ɗaya na awo.

Malam Isuhu (Greensboro): Madalla. Gwajin tocilar ga shi ne nike yi ma mutane. Yanzu ki jira su, kada ki yarda a rufe ƙarar.

Hadiza (Atlanta): Ki ba su wa'adi a rubuce, kwana biyar na aiki, ki ambaci cewa bayan haka za ki kai ƙorafi TDLR. Sanarwa kawai, ba barazana ba. Ki kuma rubuta sunan duk wanda kika yi magana da shi da lokaci.

Maman Hanifa (Houston): Salam. Yau Laraba sun kira, sun kuma turo imel. Sun janye maganar rashin kula. Zaɓi biyu suka ba ni: ko su sa kwamfiresa ni in biya gas da kwashe tsohon gas da wasu ƙananan abubuwa, jimilla dala 1,180 daga aljihuna, kuma sai an jira kayan kwana bakwai zuwa goma, ko su ba ni dala 1,450 a hannu a rufe magana. Na ce ai kwamfiresa 2,800 aka ce mini, suka ce su da farashin sari suke lissafi, haka yake a yarjejeniya. Na duba, haka ɗin ne, sashe na tara. Wallahi na ji daɗi na kuma ji takaici a lokaci ɗaya. Kwana goma sha biyar muna fama, a ce da ban yi magana a nan ba da shi ke nan.

Baban Khalil (Dallas): 1,450 a cikin 9,000.

Alhaji Sani (Chicago): A garantin da ba ita ta biya ba. Ta cire 189 da ta kashe, saura nata ne.

Malam Isuhu (Greensboro): Ki karɓi kuɗin, amma ki ce su rubuta adadin da ranar da za su turo kafin ki sa hannu. Sannan kada ki tsaya a kan 9,000 ɗin da mutumensu ya faɗi. Ki kira kamfani uku su zo su auna gidan su ba ki farashi a rubuce. Ki sani tun farkon 2025 sabbin injunan da ake ƙerawa da sabon gas suke zuwa, R-454B ko R-32, ba za su haɗu da tsohon kwayil ɗinki na cikin silin ba, dole a canza ciki da waje tare. In wani ya ce zai canza na waje kaɗai ya yi miki araha, ki sallame shi.

Anti Bilki (Maryland): Kuma ki tambaye su ko karɓar kuɗin yana nufin sun cire AC daga garantin har sai kin nuna musu rasit ɗin sabon. Yawanci haka ne.

Maman Hanifa (Houston): Na tambaya Anti, haka ne. Mun samu farashi uku, 9,400 da 8,100 da 7,600. Mun ɗauki na tsakiya don shi ya yarda zai nemi izinin hukuma ya kuma ba da garantin aikin hannu na shekara biyu. Yayan Baban Hanifa ya ranta mana dubu uku, sauran mun haɗa. Asabar za su sa. Maganar Oktoba kuwa muna ta ja da maigida. Shi yana cewa a sabunta saboda hitar ruwa ita ma ta 2009 ce, ni ina ganin gara mu tara kuɗin mu canza ta da kanmu kafin ta fashe, tunda a soro take, saman ɗakin yara. Za mu je wajen Liman da takardar kamar yadda Malam ya ce.

Malam Isuhu (Greensboro): Hitar shekara goma sha shida a saman ɗakin yara? Ranki ya daɗe wagga ba ta jiran Oktoba. Yawancinsu shekara takwas zuwa goma sha biyu suke yi. Kamfanin garanti ba ya canza abin da bai lalace ba, in kuma ta fashe, ko sun biya tanki ba su biyan silin da kafet da ruwa ya ɓata. Ranar Asabar in masu kilim sun hau sama, ki ce ɗaya ya haska gindinta ya gani ko akwai tsatsa ko ruwa a farantin ƙasa. Kuma da sun gama, ki yi rajistar sabon injin a shafin kamfanin da ya ƙera shi. Galibi kwana 60 ko 90 suke ba da, in kin yi kayan ciki shekara goma ne, in kin manta ya koma biyar.

Maman Hanifa (Houston): Na rubuta a jikin firji Malam. Zainabu, Lahadi in sha Allah za mu dawo miki da AC ɗinki, Hajiya ta ce da ita za a zo ta yi godiya da bakinta.

Zainabu (Katy): Ku bar shi a wajenku har a ga sabon ya kwana biyu yana aiki. Amma Hajiya kam a kawo mana ita, zan yi mata tuwon shinkafa.